Jariri Ya Zo, Ina Za A Kai Tsohuwar Kyanwa?

A ƙasar Hausa dabba ba ta cika tsufa a gida ba. Akuya idan ta rage haihuwa sai a ja ta zuwa kasuwa, rago yana jiran layya ne ko suna, saniya kuwa da zarar haƙoranta sun fara zubewa mahauta sun soma yi mata kuɗi. Ita kaza tuni aka yanke mata hukunci, aka ce sabo da ita ba ya hana a yanka ta. Dabbobin da ke samun sararin tsufa a tsakar gida, har furfura ta fito musu a baki, su ne waɗanda ba ma cin namansu, watau kyanwa da kare, sai kuma jefi-jefi aku, ko wani dokin da mai shi ya rantse ba zai rabu da shi ba sai mutuwa.

To, irin waɗannan dabbobi sukan riga 'ya'yan gida zuwa gidan. Wata kyanwar tun tana ƙarama amarya ta tarar da ita a gindin rumbun surukarta, wani karen kuma shi ya yi gadin fili tun ana aza harsashin gini. Shekaru su shuɗe, ran nan sai Allah Ya kawo haihuwa, gida ya cika da 'yan barka, sai ka ji wata gwaggo ta dubi kyanwar da ke kwance a bakin ƙofa ta ce, wannan fa sai a san inda za a yi da ita. Abin da yakan biyo baya kowa ya san shi. A sa ta a buhu a ba yaro ya kai ta bayan kasuwa ya sake ta, ko a jefa ta cikin motar da za ta wani gari. Kare kuma a kore shi da jifa, ko a miƙa shi ga fataken karnuka masu kai su kasuwar Dawaki ta Jihar Filato. A wasu gidajen kuwa akasin haka ake yi, a ce ai wannan dabba tare muka girma, ba ta taɓa cutar kowa ba, sai a bar ta da jariri a ɗaki a tafi ɗibar ruwa. Duka biyun kuskure ne, kuma mafarinsu ɗaya, watau rashin sanin abin da tsufa ke yi wa dabba, da rashin sanin inda ainihin haɗarin yake.

Kyanwar da ake kula da ita takan yi shekara 12 zuwa 15, wata ma har ta kai 20. Kare yakan yi 10 zuwa 13, kuma manyan karnuka sun fi ƙanana saurin tsufa. Lissafin da likitocin dabbobi ke yi shi ne, kyanwa mai shekara 1 kamar matashi ce ɗan shekara 15, mai shekara 2 kamar ɗan 24, daga nan kuma kowace shekara tata tana daidai da shekara 4 na mutum. Ke nan kyanwa mai shekara 12 tsarar dattijuwa ce 'yar shekara 64, mai shekara 15 kuwa ta kai 76. Idan mai karatu ya riƙe wannan lissafi a zuciyarsa, yawancin abin da za mu faɗa a nan gaba zai zo masa da sauƙi, domin tambayar sai ta koma, me ke samun tsohuwa idan aka birkita mata ɗaki, aka hana ta abinci a kan lokaci, aka kuma cika mata kunne da hayaniya?

Kwana arba'in na farko

Ba wani abin da ke sauya tsarin gida kamar jego. Tun da asuba an hura wuta an ɗora ruwan wanka, ana fyaɗa ganyen darbejiya ko runhu, ana dama kunun kanwa. 'Yan barka suna shiga suna fita, ga ƙamshin turaren wuta, ga dakan yaji, ga ƙauri yana dahuwa. Ran suna kuwa sai wanda ya gani, ga rago, ga wanzami, ga maroƙa, ga yaran unguwa da ba wanda ya gayyace su. Duk wannan abin farin ciki ne ga mutane. Amma tsohuwar dabba da sabo take rayuwa. Ta san inda take kwanciya da hantsi, ta san ƙarar kwanon da ake zuba mata abinci, ta san hannun da ke zubawa. A rana guda sai duk waɗannan su ɓace mata.

Abin da ya fi yawan faruwa ma ba duka ba ne, mantuwa ce. A yawancin gidaje matar gida ce ke ciyar da kyanwa, ita kuwa ga ta a kwance, ko ma ta tafi wankan gida wurin iyayenta idan haihuwar fari ce. Maigida yana can yana fafutukar kuɗin rago, ba wanda ya tuna da kwanon ruwan da ke bayan ƙofa. Kyanwa mai ƙuruciya za ta haura katanga ta nemi na kanta. Tsohuwa ba za ta iya ba. Likitocin dabbobi sun tabbatar da cewa kyanwa, musamman mai ƙiba, idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba kitse yakan taru a hantarta har ya kashe ta, kuma ciwon ƙoda, wanda ya zama ruwan dare ga tsofaffin kyanwoyi, rashin ruwan sha yana tsananta shi. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Tun cikin yana wata 7 ko 8 a ɗora wa mutum guda alhakin ciyar da dabbar, ko ƙanin miji ko babbar 'yar gida, a kan lokacin da ta saba. Idan kuma ɗakin mai jego ne makwancinta, tun a lokacin za a sauya mata wuri, a kai mata tsummanta can. Wanda ya bari sai ranar da aka dawo da jariri sa'an nan ya kore ta da tsintsiya, ya koya mata ne cewa zuwan wannan ɗan baƙo shi ne mafarin wahalarta.

Har wa yau gidan jego cike yake da abubuwan da ke halaka dabba ba tare da an sani ba. Ƙwayar farasitamol guda, wadda mai jego ke sha don ciwon jiki, tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa wannan magani. Ruwan goge ƙasa irin su Izal da Dettol, da ake yawan zubawa saboda jariri, guba ne gare ta idan ta taka shi da danshi ta lashe ƙafarta. Albasa da tafarnuwa da ke cikin ragowar miyar suna suna ɓata jinin kare da kyanwa, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya soki hanjin kare. Sau da yawa akan ce baƙin ciki ne ya kashe dabba bayan haihuwa, alhali kuwa ɗaya daga cikin waɗannan ne.

Ciwo ne ba kishi ba

Idan tsohon kare ya yi gurnani, ko kyanwa ta fara fitsari a kan tabarma, hukuncin da akan yanke nan da nan shi ne kishi take yi da jariri. Mu da muka san zaman kishiyoyi, wannan fassara ta fi zo mana kusa. Amma abin da aka gano a asibitocin dabbobi ya nuna wata hanya dabam. A cikin shekarar 2002 wasu likitoci a Amurka sun duba hotunan ƙashi na kyanwoyi 100 da suka wuce shekara 12, suka tarar 90 daga cikinsu suna da alamun lalacewar gaɓoɓi, irin abin da muke kira sanyin ƙashi. Mafi yawansu masu su ba su taɓa lura ba, domin kyanwa ba ta cika ɗingishi ba, sai dai ta daina hawa katanga, ta rage lasar jikinta, ta ƙi yarda a taɓa mata baya. Haka kuma wani binciken na shekarar 2001 a kan karnuka ya nuna kashi 28 cikin 100 na masu shekara 11 zuwa 12 suna da alamun ruɗewar tsufa, a cikin masu shekara 15 zuwa 16 kuwa adadin ya kai kashi 68. Irin wannan kare yakan tsaya ya zura wa bango ido, ya manta hanyar fita, ya yi barci da rana ya kwana yana yawo.

A haɗa da wannan, ido yana yin yana, kunne yana toshewa, haƙora suna ruɓewa. Karen da ba ya ji sosai, ba ya gani sosai, ga ƙugunsa yana ciwo, idan aka faɗo masa yana barci zai kai baki kafin ya san ko wane ne. Ba mugunta ba ce, kuma shekara 10 da ya yi yana haƙuri ba su zama lamuni ba. Hausawa suna da kyanwar Lami, wadda ba ta cizo ba ta yaƙushi, amma a karin magana kaɗai take zaune, ba a taɓa ganin ta a tsakar gidan kowa ba.

Saboda haka kafin a haihu ya kamata a kai dabbar asibitin dabbobi, a duba haƙoranta da gaɓoɓinta, a ba ta maganin tsutsar ciki, a kashe mata ƙuma da kaska, a yanke mata farce. A nan ma akwai jan kunne. Maganin ƙuma na kare, wanda yake ɗauke da sinadarin fametirin, idan aka shafa wa kyanwa yakan sa ta farfaɗiya har ta mutu. Kada kuma a ɗauki maganin sanyin ƙashi na kaka a ba kare don tausayi. A bar likita ya rubuta.

Zancen shan numfashi

Tsoron da ya fi kowanne daɗewa shi ne wai kyanwa tana hawa ƙirjin jariri ta shanye masa numfashi, saboda ƙamshin nono da ke bakinsa. A wurinmu akan haɗa da cewa baƙar kyanwa ba ita kaɗai take tafiya ba. Turawa ma sun daɗe da wannan camfi, har a cikin shekarar 1791 aka rubuta cewa wani kwamitin binciken mutuwa a kusa da garin Plymouth na Ingila ya ɗora mutuwar wani yaro ɗan wata 18 a kan kyanwa da ta shanye masa numfashi. Ilimin likita bai san wani abu mai kama da haka ba. Amma a cikin camfin akwai ƙwayar gaskiya da bai kamata a yar ba. Kyanwa mai son ɗumi ce ƙwarai, tsohuwa kuwa ta fi, don jikinta ya rage riƙon zafi. A duk gidan ba inda ya kai ɗakin mai jego ɗumi, a ɗakin kuma ba inda ya kai shimfiɗar jariri laushi. Jariri ɗan kwanaki ba ya iya kawar da kansa idan wani abu ya rufe masa hanci, ko filo ne, ko zane, ko kyanwa mai nauyin kilo 4. Don haka doka ita ce, dabba ba ta kwana inda jariri yake kwana. A kwantar da shi rigingine, a sauke gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a ja ƙofa. Masu zama a ɗaki ɗaya a gidajen haya, kamar 'yan uwanmu na Agege da Idi-Araba a Legas ko Sabo a Ibadan, sai su nema wa kyanwar kwali da tsumma a baranda ko a kicin, nesa da iska.

Tsoro na biyu na 'yan boko ne. Sun ji labarin wata ƙwayar cuta mai suna tokzofilasma, wadda aka gano a Tunis a cikin shekarar 1908, aka kuma tabbatar a 1970 cewa a hanjin kyanwa take hayayyafa. Gaskiya ne idan mace ta kamu da ita a karon farko tana da ciki, tana iya jawo ɓari, ko ta taɓa idon ɗan ko ƙwaƙwalwarsa. Sai dai ga abin da ba a cika faɗa ba. Kyanwa tana zubar da ƙwan cutar a kashinta ne na mako 1 zuwa 3 kawai bayan kamuwarta ta farko, wadda galibi tun tana ƙarama take yi, ranar da ta fara cin ɓera ko ɗanyen nama. Ƙwan kuma ba ya iya harbin mutum sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Ashe ke nan tsohuwar kyanwa ta fi sabuwar 'yar kyanwa aminci, kuma wanda ya yar da tsohuwa ya ɗauko jaririya don yara su yi wasa, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago. Mata da yawa ta hanyar naman da bai gasu ba suke kamuwa, ko ganyen salak da ba a wanke ba, ko taɓa ƙasar lambu. Abin da ake nema ga mai ciki shi ne kada ta kwashe kashin kyanwa da kanta, wani ya riƙa kwashewa kullum, ita kuma ta riƙa wanke hannu da sabulu.

Kafin a sa kyanwa a buhu kuma, a tuna da aikin da take yi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Ya fi tsanani ga mace mai tsohon ciki, inda fiye da kashi 80 cikin 100 sukan rasa ɗan ko su rasa ransu. Ajiye kyanwa a gida yana cikin matakan riga-kafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa, tare da rufe hatsi da nisanta bola. Ko da tsohuwar ta daina farauta, warin jikinta yana sa ɓera ya yi taka-tsantsan. Gidan da aka kori kyanwa ran suna, kafin a yi arba'in an fara jin motsi a cikin buhun masara.

Ranar da ya fara rarrafe

A ganinmu mutane sukan sa tsoronsu a inda bai dace ba. Watannin farko jariri yana bayan uwarsa ko a hannun kakarsa, dabba ba ta da hanyar isa gare shi sai an yi sakaci. Haɗarin yana farawa ne a tsakanin wata 6 zuwa 10, lokacin da ya soma rarrafe, kuma a daidai wannan lokaci ne kowa ya saki jiki, an ce ai sun saba. Yaro mai rarrafe ba ya tafiya kamar mutum a idon kare, kuma yana zuwa ne kai tsaye, ya zura ido, ya damƙi kunne ko wutsiya, ya sa hannu a kwanon abinci. Likitocin yara sun daɗe da lura cewa ƙananan yara galibi karen da suka sani ne ke cizon su, a cikin gida, kuma a fuska ko kai ko wuya, don nan ne daidai bakin karen.

Kare yakan yi magana kafin ya yi cizo, sai dai ba kowa ke jin yarensa ba. Zai kawar da kai, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya lashi leɓe, ya tashi ya sauya wuri. Idan aka bi shi sai jikinsa ya sandare, sa'an nan gurnani. Tsohon kare mai ciwon ƙugu tashin ma wahala yake ba shi, don haka yakan tsallake wancan mataki. Babban kuskure shi ne dukan kare don ya yi gurnani, domin abin da zai koya shi ne ya daina gargaɗi, ran nan sai cizo kawai ba sallama. Idan ya yi gurnani a ɗauke yaron, a kuma gane cewa an yi sakaci ne wajen barinsu su haɗu. A ba dabbar wani lungu da yaro ba ya isa, a riƙa ba ta abinci a can, kada a tashe ta tana barci. A sama da kome, kada a bar su su biyu ko da na ɗan lokacin sauke tukunya ne, kuma yarinya 'yar shekara 6 da aka ba reno ba ta isa mai tsaro ba.

Mutanen yankin Wales na Birtaniya suna da wata tatsuniya ta wani basarake da ya tafi farauta ya bar jaririnsa da karensa mai suna Gelert. Da ya dawo sai ya ga shimfiɗa a birkice, bakin kare duk jini, nan take ya zare takobi ya kashe shi. Sai ga kukan jaririn daga ƙarƙashin mayafi, lafiya lau, ga kuma gawar kyarkecin da karen ya kashe a gefe. Indiyawa ma suna da irinta, sai dai su tunku ne da maciji. Akan ba da labarin don a ja kunne game da garaje, amma mu abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, wa ya ce a bar jariri da dabba a tafi farauta?

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, cizo ko yaƙushi ya fasa fata, kada a tsaya neman gashin kare a ƙona a shafa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan a nufi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 daga cikin kowane mutum 10 da dabbar da ake zargi ta ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan ba a tsira. Amma allurar da ake yi bayan cizo tana hana shi, tun daga ranar da Louis Pasteur ya gwada ta a kan wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister a Faransa a 1885. Su karnukan ma suna da tasu allurar, wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take yi, ana fara ta tun kare yana wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Tsufa ba ya ɗauke wa kare wannan allura, musamman wanda yake fita ya cuɗanya da na unguwa. Kyanwa ma ana yi mata.

Akwai kuma haɗarin da ba ya gurnani. Yaro mai rarrafe duk abin da ya samu baki yake kaiwa. Kashin kare da na kyanwa idan ya daɗe a ƙasa yana barin ƙwan tsutsa, kyanwa kuma tana iya shafa wa yaro makero. To amma idan za a faɗi gaskiya, a tsakar gidanmu kaji da agwagi da tattabaru sun fi su ɓarna, ga shi kuwa ba wanda ya taɓa cewa a kore su ran suna. Masu bincike da suka zauna suna kallon jarirai a ƙauyukan Zimbabwe, a rahoton da suka fitar a 2013, sun ga wasu suna cin ƙasa da kashin kaji, wanda yake cike da ƙwayoyin cutar gudawa. Tabarma mai tsabta, da shara safe da yamma, da akurki mai ƙofa, sun fi korar kyanwa goma amfani.

Ba a nan zancen ya tsaya ba, domin akwai alamun cewa tashi tare da dabba yana da nasa alheri. A garin Detroit na Amurka an bi yara 474 tun daga haihuwa, rahoton da ya fito a 2002 ya nuna waɗanda suka yi shekararsu ta farko a gida mai kare ko kyanwa biyu ko fiye sun fi ƙarancin alamun borin jini idan sun kai shekara 6 zuwa 7. A Finland a 2012 an duba yara 397, aka ga na gidaje masu kare sun fi ƙarancin mura da ciwon kunne. A Suwidin kuma a 2015, bayan duba bayanan yara sama da miliyan 1, an tarar haɗarin asma ya ragu da kimanin kashi 13 cikin 100 ga waɗanda suka tashi da kare, ga 'ya'yan masu kiwo kuwa ya ragu da wajen rabi. Masana suna ganin jikin yaro yana koyon bambance abokin gaba da baƙo marar cutarwa ne ta hanyar haɗuwa da ƙananan halittu tun da wuri. Sai dai a lura, waɗancan dabbobi ne masu allura da maganin tsutsa, a gidaje masu ruwan famfo. Ba izini ba ne na barin kare ya lashi fuskar jariri. Idan kuma likita ya tabbatar yaro yana da asma da gashin kyanwa ke tayarwa, to lafiyar ɗa ita ce gaba, sai a nema wa dabbar gidan wani ɗan uwa da zai riƙe ta, a kai ta hannu da hannu.

Mun ce hannu da hannu ne domin sakin tsohuwar dabba a bayan kasuwa kisa ne na a hankali. Ba ta da haƙorin farauta, ba ta da ƙafar gudu, ba ta san inda ruwa yake ba. Malamai sun sha karanta mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da 'yar kyanwarsa aka yi masa alkunya, Abu Huraira. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kyanwa mai tsarki ce, an kuma yarda da ajiye kare don gadin dabbobi da gona da farauta. Wanda ya ci moriyar gadinsa shekara 10, ba a ran da ya kurumce ne zai tuna cewa ba ya son kare ba.

Galibi dai zaman nasu ba ya daɗewa. Kyanwar da take da shekara 13 ranar suna, da wuya ta ga ranar da za a kai yaron makaranta. A 'yan shekarun da suka rage mata buƙatunta kaɗan ne, abinci mai laushi, ruwa a kusa, makwanci a ƙasa inda ba sai ta yi tsalle ba, da ɗan tsumma lokacin hunturu. Yaro ɗan shekara 2 yana iya koyon shafa ta da tafin hannu idan babba ya riƙe masa hannun, yana iya rakiyar yayarsa ta kai mata kwano. Ga yara da yawa ita ce mutuwar farko da za su gani a gida, kuma za su yi tambaya. Masu nazarin halayyar yara sun ba da shawarar a faɗa musu gaskiya a taƙaice, cewa ta tsufa ta mutu, ba za ta dawo ba, kada a ce barci take yi, don kada yaron ya riƙa tsoron kwanciya, kada kuma a ce ta gudu, don zai yi ta leƙen ƙofa. Gawar kuwa a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne ta, kada a wurga ta a bola ko a kwata inda yaran unguwa ke wasa.